Ɗigo Biyu Tsakanin Severi da Fadamar Kakata

Ku matso kusa, 'yan'uwa, yau tonon asirin kaina zan yi. Wanda ya fara cin karo da ni yau, sunana Pihla, shekarata ashirin da tara, kuma babu wanda bai san wannan lissafin ba a ƙauyenmu, domin mamata ta saka shi a takardun ƙungiya. Ina aikin rubuta manhajar kwamfuta a birnin Oulu. Ƙauyenmu tafiyar awa biyu ce daga Oulu zuwa arewa, gida arba'in da ɗaya, da ɗakin taro, da sauna ta jama'a, wato ɗakin wankan tururi, a bakin tafki. Abin da ya faru da ni a bazarar nan ni na jawo shi da hannuna, don haka kada wanda ya tausaya mini tun yanzu.

Shekara uku da suka wuce ƙungiyar ƙauye ta roƙe ni in yi mata shafin intanet, inda sakatariya za ta riƙa ɗora takardun taro da jadawalin sauna, jama'a kuma su sauke a wayoyinsu. A Asabar ɗaya na haɗa shi ina cin burodin kirfa. Duk sunan da aka ba fayil, haka shafin yake karɓa, haka kuma yake miƙa wa mai saukewa, ban tace ba, ban duba ba. Na san ba a yin haka. A wurin aiki da na ga wani ya yi, da na wanke shi tas a gaban kowa. Amma na ce wa raina, wa zai yi mana kutse a garin da rabin mutanensa da yatsa ɗaya suke danna waya?

Sakatariyar ƙungiyar kuwa mamata ce.

Mama ta lura idan ta turo mini saƙon maganar aure ba na amsawa, amma duk Litinin ina leƙa shafin in ga ko lafiya. Sai ta mayar da sunayen fayil wurin yi mini magana. Wannan shi ne abin da gida arba'in da ɗaya suka riƙa saukewa tun hunturu:

"Taron Janairu, Pihla jikan Tuulikki ya dawo gida kuma ba shi da mata"

"Jadawalin sauna, yana da mota da gareji mai ɗumi"

"Rahoton gyaran hanya, ni a shekarunki har kin fara tafiya"

Na kira ta na ce, "Mama, kowa fa yana ganin wannan."

Ta ce, "To ai gara. Ke kaɗai ce ba kya gani."

Jikan Tuulikki, wata tsohuwa a ƙauyenmu, shi ne Severi. Dogo ne, mai farin gashi kamar an wanke shi da omo, kuma idan ya yi kalma ashirin a yini to ranar ya sha surutu. Aikinsa kamfanoni su kira shi ya gwada fasa kwamfutocinsu, ya gaya musu ta inda ya shiga. Ni ban ƙi shi ba. Haushin Mama ne ya sa ko sunansa ba na son ji.

Yanzu sai in gaya muku abin da ya fi aure muhimmanci a gidanmu, wato fadamar Mummo, kakata ta wajen uwa. Hilla, 'ya'yan itace ƙanana masu ruwan zinariya da ke nuna a fadama ƙarshen Yuli, ba a faɗin inda ake tsinko su. Ka tambayi mutum ina ya samo, ya ce maka a daji, magana ta ƙare. Amma Mummo ta wuce kowa. Takan jingine kekenta nesa a hanyar da ba ita za ta bi ba, ta rufe bokitinta da tawul, ta dawo gida ta bayan coci. Shekara arba'in da ɗaya Tuulikki tana bin sawunta, ba ta taɓa dacewa ba. Ko Mama, 'yar da ta haifa, Mummo ba ta taɓa kai ta ba, ta ce bakinta ba shi da marfi.

Bara gwiwoyin Mummo suka fara ƙin tafiya. Wata safiya ta miƙo mini takalmin roba da hular raga ta sauro, ta ce, "Taho." Muka yi ta kutsawa cikin daji har muka fito wata fadama shiru, hilla ta yi mata ado. Ta ce, "Ki duba da idonki, ki ajiye a kanki." Wallahi ranar sai da na yi hawaye, don na san abin da ta ba ni ya fi gida.

Da ta juya baya sai na ciro waya na ɗauki hoton taswirar wurin.

Mu masu aikin kwamfuta muna da wata aƙida, duk abin da ba ka ajiye shi wuri uku ba to ba ka da shi. Na bar ɗaya a waya, ɗaya a kwamfutata ta gida, na ukun kuma na ɗora shi a kwamfutar da ke ɗauke da shafin ƙungiya, a wata jaka can baya da ta takardun taro. Don kada in manta ko mene ne, na sa masa suna da manyan baƙaƙe, "FADAMAR MUMMO SIRRI KADA A BUƊE". Na ga wasu sun fara dariya. Ku ci gaba, na cancanta.

Lahadin ƙarshe ta Afrilu, ƙanƙara tana narkewa, hanya duk caɓi, Mama ta turo saƙo: "Firinta ta lalace. Ki zo yau. Ki wanke kanki."

Na iso da tsohuwar rigar sanyi mai ɓulin gwiwar hannu. Na tarar an shimfiɗa farin ƙyallen tebur na ranar biki, an fito da kofunan nan masu bakin zinariya da ba a taɓa su sai an yi baftisma ko mutuwa, ga burodi kala uku, ga cuku da aka ɗumama an zuba masa hillar bara a kai. Firinta kuwa lafiyarta ƙalau.

"Je ki sa shuɗiyar rigar nan," in ji Mama. "Severi ya ce zai zo ƙarfe biyu, yana da muhimmiyar magana, kuma a rubuce."

Ƙarfe biyu daidai ya ƙwanƙwasa. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, safarsa ta ulu ruwan toka, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Yana rungume da wata koriyar jakar takardu a ƙirji. Mama ta yi masa tayin kofi, ya ce kada a wahala saboda shi. Ta sake, ya ce ya sha a gida. A na uku ya ce to rabin kofi, ya kuma shanye uku. Muka zauna minti goma, Mama tana ta kallon jakar tana murmushi.

Can ya turo mini ita ta kan tebur. "Shafi shida ne," ya ce.

Na buɗe. A saman shafin farko an rubuta: Rahoton Rauni a Shafin Ƙungiya. Matsayi: Mai Tsanani.

Mama ta leƙo. "Ina maganar take?"

"Ita ce wannan," in ji Severi. Ya juyo gare ni, amma kofin gabana yake kallo. "Sunayen da mamarki take sakawa ne suka sa na lura. Na ga shafin ba ya ƙin komai. Sai na gwada ta wajen saukewa. Idan mutum ya nemi takarda, shafin yana ɗaukar sunan da aka rubuta a adireshi, ya je ya ɗauko, ba ya tambaya. Na sa ɗigo biyu da karkatacciyar sanda a gaban sunan."

Ga wanda ba aikinsa ba ne, ɗigo biyu da sanda a wurin kwamfuta suna nufin fita daga wannan jakar ka koma ta bayanta. Kamar ka aiki mai tsaron rumbu ya ɗauko maka buhu, ka ce masa ya fita ta ƙofar baya ya shiga ɗakin maigida ya ɗauko na can, shi kuma ya tafi ya kawo. Shafina haka yake, duk inda aka aike shi zuwa yake yi.

"Me ka gani?" na tambaye shi.

"Jerin umarnin da kika taɓa buga wa kwamfutar. A ciki na ga sunan wani fayil." Kunnuwansa suka yi ja. "Mai manyan baƙaƙe."

"Ka buɗe?"

"An rubuta kada a buɗe."

"Severi, kakarka shekara arba'in da ɗaya tana neman wurin nan."

"Na sani. Yau kwana goma sha tara da na ga sunan. Ba na iya kallon idonta wajen cin abinci." Ya gyara zaman cokalinsa. "Kina da kwana casa'in ki gyara. Bayan nan zan sanar da ƙungiya cewa akwai raunin. Al'adar aikinmu ce."

Mama ta ce, "Kwana casa'in ya isa a shirya komai, in an so."

Ba wanda ya kula ta. Ya yi godiyar kofi, ya sa takalmi, ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce, "Shafi na huɗu ya fi muhimmanci." Ya tafi.

A kan teburin nan, cikin shuɗiyar riga, na buɗe kwamfutata. Shafi na huɗu ya ce kada a yarda da sunan da mutum ya kawo ko kaɗan, a jefar da shi gaba ɗaya, shafin da kansa ya ba kowane fayil lamba. Haka na yi, cikin awa ɗaya da rabi. Daga ranar duk abin da aka ɗora sai ya fito a matsayin takarda kaza, lamba kaza, sunan asali kuwa ko ni ba zan iya dawo da shi ba. Na goge taswirar daga can. Sannan na buɗe rajistar da ke nuna wa ya sauke me, ina addu'a a zuci.

An sauke taswirar sau ɗaya. Ranar, ƙarfe tara da minti goma sha huɗu na safe, kuma daga intanet ɗin gidanmu.

Mama tana wanke kofuna tana 'yar waƙa.

"Mama."

"Na'am."

"Me kika danna da safe?"

Ta ci gaba da wanki. "Yaron nan ya turo wa sakatariya kwafin rahotonsa, ya ce doka ce a sanar da masu shafi. Akwai wani adireshi a ciki da jan rubutu."

"Me jan rubutun ya ce?"

"Ya ce hujja ce kawai, kada a danna."

"Shi ne kika danna."

"To don me zai yi shi ja?" Ta ajiye kofin, ta juyo, sai na ga idonta ya cika. "Shekarata hamsin da takwas, Pihla. Ni ce nake wanke mata kwalabe, ni nake dafa mata hillar da sukari, ni nake cire mata ƙaya a hannu. Ko sau ɗaya ba ta ce taho mu je ba. Ta tsallake ni ta ɗauke ki."

Gaskiya ta faɗa, kuma ban taɓa tunanin abin yana cin ta haka ba. Har na miƙe zan rungume ta. Sai ta share ido da gefen atamfar girki ta ce, "Ba zan gaya wa kowa ba. Amma bikin tsakiyar bazara da Severi za ki zo, kuma kafin nan ki fita da shi sau uku. In ba haka ba, zan haɗa taswirar da takardun taron Mayu."

Kun ji uwa.

Haka na fara fita da mutum don ceton fadama. Fitarmu ta farko mun zauna a benci a bakin kogi a Oulu muna shan askirim cikin iska mai sanyi, minti arba'in, ya ce, "Ruwa ya ƙaru bana." Da na isa gida na ga saƙonsa: "An yi fita ta ɗaya. Ban ga matsala ba." Fita ta biyu ya zo da man keke ya gyara mini sarƙa ba tare da na roƙa ba. Ta uku na yi ta zuba kan wani shugabana a wurin aiki, na ɗauka ba ya ji, bayan sati biyu ya tambaye ni yadda muka ƙare, har da sunan mutumin. Ta huɗu ba Mama ta sa ba, ni na kira shi, kuma sai da na canza riga sau uku. A bikin tsakiyar bazara muna tsaye gaban wutar da aka hura a bakin tafki, sauro ya sauka a goshina, ya ɗaga hannu ya tsaya yana neman izini da ido kafin ya kashe shi. Abin dariya ne, na sani, amma a nan na gane na kamu.

Duk wannan lokacin ban gaya wa Mummo komai ba. Duk Lahadi ina zuwa in shafa mata magani a gwiwa, ta riƙa cewa, "Bana ke za ki je mini, ƙafata ba za ta kai ba." Ni kuma in ce to, kunya tana cin raina.

Ranar Asabar ta ƙarshen Yuli Severi ya turo saƙo da safe: "Yau kwana casa'in. Na sake gwada ƙofar. A rufe take. Aikinki ya yi kyau." Na karanta shi ya fi sau goma. Ranar ce kuma hilla ta nuna. Na sa takalmin roba da hular raga, na ɗauki bokiti biyu da tawul. Severi ya sauke ni a mahaɗar hanya, ya ce zai jira a mota ya juya baya, don kada ya ga inda na nufa.

Tun kafin in kai na fara jin muryoyi. Na fito daga cikin itatuwa na tarar da kekuna tara a jingine, da wata tarakta. Fadamar cike take da mutanen ƙauyenmu, kowa ya duƙa da bokiti, ba mai kallon ɗan'uwansa, kowa yana yi kamar shi kaɗai ya zo. A tsakiya, kan kujerar naɗewa, ga Tuulikki da shekarunta tamanin da uku, da jar hula, da butar kofi a cinya. Ba ta ma tsinka. Zama kawai take tana kallon wurin.

Ta ɗaga mini kofi. "Gai da kakarki," ta ce. "Ki ce mata na iso."

Kowannensu yana riƙe da farar takarda, taswirata ce a jiki.

Na kira Mama. Ta ce, "Ban gaya wa kowa ba, na rantse. Bugawa kawai na yi a firintar ɗakin taro don kada ta ɓace mini, ai ku kuke cewa a ajiye abu wuri uku. Ashe an bar ta a kan kwafi arba'in da ɗaya tun bugun sanarwa. Na ɗauki ɗaya na fito, ban san tana ci gaba ba."

Na koma mota da bokiti wayam. Severi ya dubi fuskata, bai tambaye ni komai ba, ya tayar da mota. Na ce ya kai ni gidan Mummo.

Na same ta a kicin tana jera kwalaben da Mama ta wanke, tana jiran hilla. Na tsaya a tsakar ɗaki da takalmin roba, abin da ba a yi a gidanta, na faɗa mata komai, hoton, da wuri uku, da sunan mai manyan baƙaƙe, da ɗigo biyu, da jan rubutu, da firinta, da Tuulikki a kan kujera. Ina yi ina kuka. Ba ta katse ni ba.

Da na gama ta ce, "Jar hula ta sa?"

"Eh."

"Tun da ta fara bin sawuna ta ce ranar da ta gano wurina ita za ta sa." Ta rufe wata kwalba. "Bar ta ta ji daɗinta. Waccan ba ita ba ce."

"Ban gane ba, Mummo."

"Fadamar gwaji ce. Ina da irinta uku. Kakanki ma na kai shi ɗaya shekarar da muka yi aure, kafin sati ya gaya wa ƙanensa, har ya mutu bai ga ta gaskiyar ba. Na ce in na shekara ban ga sawun kowa a waccan ba, bana in kai ki ta ainihi." Ta dube ni ta saman tabarau. "Na ce ki ajiye a kanki. Kanki ɗaya ne, ba uku ba."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tsaya ina jin yadda abin da na ɗauka an ba ni ashe ba a kai ga ba ni ba, kuma ni na hana kaina.

"Wane ne a motar can?" ta tambaya.

"Severi ne. Jikan Tuulikki."

"Wanda ya ga sunan? Kira shi."

Ya shigo, ya cire takalmi, ya tsaya da safarsa. Mummo ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Kwana nawa abin yana hannunka kafin ka faɗa?"

"Goma sha tara."

"Ba ka buɗe ba."

"A'a."

"Kakarka ta tambaye ka?"

"Ta ga ina ƙin cin abinci, ta ce ko ina son wata ne."

"Yau da kowa ya tafi, ka je?"

"Na juya baya a mota."

Mummo ta yi shiru, shi ma ya yi shiru, suka daɗe a haka, kuma na lura dukansu biyu daɗin shirun suke ji. Can ta ce, "Kana iya goya tsohuwa?"

"Kilo nawa?"

"Hamsin da biyu."

"Zan iya."

"Gobe ƙarfe shida. Ka bar wayarka a gida."

Na ce, "Mummo, jikan Tuulikki ne fa."

Ta ce, "Shekara sittin ina neman mutum ɗaya a garin nan da za a rubuta masa kada ka buɗe ya ƙi buɗewa. Ban zaɓi gidan da zai fito ba."

Washegari ni da Mama muka wuni a kicin ɗin Mummo muna tafasa murafan kwalabe, mu biyu waɗanda aka tsallake. Ba mu yi faɗa ba. Wajen ƙarfe ɗaya suka dawo ta bayan coci, Mummo a bayansa kamar jaririya tana ba shi umarni, shi kuma da bokiti a kowane hannu, an rufe da tawul. Da aka ɗaga tawul ɗin sai da Mama ta zauna. Ban taɓa ganin hilla masu girman nan ba.

Na bi shi waje yana wanke takalmi. "Nesa ne?" na tambaya, kamar ba komai.

"A daji ne," ya ce.

Mummo ta leƙo ta taga. "Na ba shi izinin gaya wa mutum ɗaya tak. Matarsa, in ya yi. Ita ma sai ya gwada ta."

Kunnuwansa suka yi ja har wuya. Ya bar takalmi ɗaya ba a wanke ba ya shiga mota.

Kwana uku ban ji daga gare shi ba. Na koma Oulu, ina duba waya a wurin aiki har abokiyar zamana ta tambaye ni ko wani ne ba lafiya. Ranar Laraba da azahar saƙo ya shigo: "Na ɗora fayil a shafin ƙungiya. Mamarki ta ba ni aron lambar sirrinta na shiga. Babu komai a cikinsa. Ta ce ta haka ake yi miki magana ki ji. Ki karanta sunan."

Na buɗe shafin. A saman jerin, ga sabon fayil, fanko, an ɗora shi minti huɗu da suka wuce. Sunansa: takarda 0112.

Na fita baranda na kira shi. "Severi, me ka rubuta?"

"Ba ki gani ba?"

"Shafin ya jefar da sunan. Shafi na huɗu na rahotonka. Kai ka ce a yi haka."

Can ya ce, "Na manta." Sai ya ƙara da cewa, "Gyaran ya yi kyau sosai."

"Ka bar maganar gyara. Faɗa mini da baki."

"Kwana uku na yi ina haɗa shi. Ba zan iya da baki ba." Na ji yana numfashi. "Mamarki tana tsaye a kaina lokacin da na buga. Ta karanta."

Na ji sanyi a raina. Abin da Mama ta sani ai kamar an buga kwafi arba'in da ɗaya ne. Na kira ta nan take.

"Mama, me ya rubuta?"

"Wa?"

"Kin san wa. Faɗa mini, don Allah."

"Ya roƙe ni kada in faɗa."

"Mama, ke ce fa."

Na ji ta ja hanci. Da ta yi magana muryarta ta canza, a hankali take fitowa, kamar mai ɗauke da kofi cike.

"Shekarata hamsin da takwas, Pihla, yau ne aka fara ba ni amanar wani abu. In kina son ji, kin san hanyar gidansu."

Ta kashe wayar. Na sake kira sau uku ba ta ɗauka ba. Ina rubuta muku wannan ne daga gidan mai da ke rabin hanyar ƙauyenmu, da shuɗiyar rigar a jikina, kuma wannan karon ba wanda ya ce in sa ta.